Yadda Chékaraou Ya Ga Tsuntsu a Gwangwanin Madara

Duk wanda ya zauna unguwar Jadid a Sabha ta ƙasar Libiya, shekarun nan da aka buɗe wa baƙar fata ƙofa ana ta cewa Afirka uwa ɗaya ce uba ɗaya, in ya ce maka bai san Chékaraou ba, to kurma ne. Ba sai ka gan shi ba, muryarsa ke riga shi shan kwana. Mutumin Matamai ne ta ƙasar Damagaram, dogo, siriri, da gilashin da ba na magani ba, da biro uku a aljihun gaba, biyu ba sa rubutu. Shi ya raɗa wa kansa Lokotoro, wato likita. Asalin lokotorancin kuwa, gadin ƙofar wani ƙaramin asibiti ya yi a garinsu shekara huɗu, yana buɗe wa mata masu goyo ƙyaure yana rufewa. Ranar da za a sake fentin asibitin aka ciro wata babbar takardar gwamnati mai hotunan abinci aka yar, samanta ya yage. Chékaraou ya tsince ta, ya naɗe, ya ƙetaro hamada da ita a cikin riga. Kowa yana tattalin ruwansa, shi yana tattalin takarda.

Matarsa Rahamatou ita ke riƙe da gidan. Rumfar abinci gare ta a bakin titin da leburori ke tsayuwa da shebur da guduma suna jiran motar shugul, wato aikin yini. Da safe shayi da madara da burodi, da rana shinkafa da miya ko makaroni. Aikin Chékaraou a rumfar shi ne ya harɗe kan benci yana gaya wa masu ci abin da ke faruwa a cikin cikinsu.

Abu ɗaya Rahamatou ta sa a gaba. Akwai wani Balarabe mai gonar dabino a Ghuddwa, Haj Barka, yana neman wadda za ta riƙa dafa wa ma'aikatansa arba'in har a gama girbi. Bara wani mai dafuwa ya ciyar da su gwangwanayen da suka lalace, gudawa ta kwantar da rabinsu, dabino ya yi ta zuba a ƙasa ba mai tsinta. Bana ya ce da kansa zai zo ran Alhamis ya ɗanɗana hannun mata biyu, Rahamatou da Ɗijatu Bakanuwa mai rumfa a tsallaken titi. In Rahamatou ta samu aikin nan za ta iya zuwa gida ta ɗauko 'yarta Aïssatou, wadda ta bari wurin kaka tana tatata, yau shekara uku. Kewar yarinyar nan na cinta, ko tukunya take wankewa sai ka ji ta ambace ta.

Ana haka, ran Lahadi aka aiko daga Samnu cewa ƙanwarta Ousseina ta sauka, haihuwar ta zo da gardama, kuma ba kowa a kanta. Ba yadda ta iya. Ta ɗaura ɗan ƙunshinta, ta ja mijin zuwa ɗakin ajiya.

"Baban Aïssatou, ga mai, ga tumatir, ga madara, ga makaroni, har na Alhamis duk na sayo. Da hantsin Alhamis ina nan in Allah ya so. Kai dai ka dafa shinkafa da shayi ka riƙe mini mutane. Don Allah kada ka gyara komai."

"Ni kike gaya wa sha'anin abinci? Ni da na shekara huɗu tsundum cikin aikin lafiya?"

"Na sani. Shi ya sa na ce don Allah."

Ƙurar motarta ba ta kwanta ba ya fito da takardarsa ya kafa ta da ƙusa a gaban rumfa. Ya gyara gilashi ya sanar da masu jiran shugul cewa daga yau nan gidan abincin lafiya ne, za a ci bisa tsarin gwamnati, kuma ba gwangwanin da zai shiga tukunya sai ya karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Ya ce Haj Barka gwangwani yake tsoro, to ga maganin gwangwani Allah ya kawo masa. Ran Alhamis ba ɗanɗano za a yi ba, mubaya'a za a yi.

To ga inda gizo ke saƙar. A Libiya ta wancan zamani an sake wa watannin Nasara suna. Watan huɗu sunansa Aɗɗairu, wato tsuntsu. Watan biyar Alma'u, ruwa. Watan goma Attumur, dabino. Watan ɗaya kuwa akwai wuta a cikin sunansa. Shekarar ma ba irin ta kowa ba ce, daga wafatin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, suke ƙirgawa, shi ya sa lokacin da kalandar masallaci ke cewa 1425, takardun gari 1372 suke cewa. Da haka ake buga ranar lalacewar kaya a gindin gwangwani. Duk wanda ya ɗan jima ya sani. Chékaraou shekararsa uku a Sabha, amma mai yawan magana yaushe ya samu kunnen ji? Larabcinsa na allo ne, izu biyar, yana iya haɗa baƙi da wasali ya fitar da kalma ɗaya ya tsaya a kanta. Ƙaramin sani ƙuƙumi, in ji masu iya magana.

Da safiyar Litinin ya fara da galan ɗin mai. Ya kifa shi, ya kai hanci, ya bi baƙaƙen da yatsa. Sai ya miƙe a hankali ya fito waje da galan ɗin a hannu.

"Jama'a, ku zo ku ga abin da kuka daɗe kuna ci. Alif, lam, mim. Alma'u. Ruwa. Sun sirka man da ruwa, kuma tsoron hukuma ya sa suka rubuta da ƙananan baƙaƙe a gindi, inda jahili ba ya dubawa."

A cikin masu jiran shugul akwai Seyni, Bazabarme, leburan magina, shekararsa takwas a Sabha, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya leƙa galan ɗin ya ce, "Lokotoro, wannan ba ruwa ba. Wata ne."

"Wata wa? Sunan wata mata aka buga a gindin galan?"

"A'a. Wata. Wata na sama."

"Seyni, ka fara gane mace da namiji a Hausa tukuna, sannan ka zo mu yi Larabci."

Hayaniyar ta jawo Ɗijatu daga tsallaken titi, da ludayi a hannu. Mace ce kakkaura mai fara'a da bakin tsiya, kuma tsakanin Bakano da Badamagare ka san akwai wasa tun kaka da kakanni, don haka duk abin da ta faɗa Chékaraou tsokana yake ɗaukarsa. Ta dubi galan ɗin, ta kira sunansa yadda Kanawa ke faɗinsa, ta ce, "Malam Shekarau, gaskiyarsa. Wata ne."

Chékaraou ya tafa hannu. "Alhamdu lillahi, ga shaida daga Najeriya. Ku ba wata kuke ce wa ruwa da Turancinku ba? Larabci ya ce ruwa, Turanci ya ce ruwa. Saura me kuma, Faransanci? Shi ma ina da shi."

"Zuba a kasko ka gani mana. In da ruwa ai zai yi tsartsatsi."

"Kasko ya fi gwamnati sani?"

Ran nan farar shinkafa aka ci, ba ɗigon mai. Mutane suka tura da ruwa saboda darajar Rahamatou, suna ci suna kallon hayaƙin suyar Ɗijatu.

Talata da sassafe benci ya cika, kowa da kofin shayinsa da madara, ana tsoma burodi. Chékaraou ya riga ya zuba kafin ya tuna bai karanta ba. Ya juya gwangwanin madarar, ya ƙura ido, sai ya ɗaga hannu sama.

"Kowa ya ajiye kofinsa. Wanda ya guntsa kada ya haɗiye."

Mutum goma sha biyu suka tsaya da kumatu a cike.

"Aɗɗairu. Duk wanda ya kai suratul Fili ya san ɗairan. Tsuntsu. Akwai tsuntsu a madarar nan."

Wani ya haɗiye don ya samu bakin tambaya. "Wane irin tsuntsu?"

"Ba su faɗa ba. Kuma tsuntsun da aka ɓoye sunansa, ka san ba zabo ba ne."

"Wa ya yanka shi? Ya yi bisimilla?"

"Tambayar da ni ma nake yi ke nan."

Daga ƙarshen benci wani ya ce shi dai tun da ya zo ƙasar nan bai ga ungulu ko ɗaya ba, ashe inda suke tafiya ke nan. Nan take aka hau tofarwa, masu kurkure baki na yi, wani tsoho ya sa yatsa a maƙogwaro. Seyni kaɗai ya zauna yana shan abinsa, ya gama ya jawo kofin na kusa da shi. Sauran suka tsallaka wurin Ɗijatu, ta zuba musu shayi da madara daga gwangwani iri ɗaya sak, hannunta a kan rubutun.

Kai ka ce abin zai dame shi? Ina. Cewa ya yi ya ceci rayuka goma sha biyu kafin hantsi, abin da ko babban lokotoron Damagaram bai taɓa yi ba. Ya koma ɗakin ajiya da ƙarfinsa. Gwangwanin tumatir ya ce Attumur. Ya fito ya yi huɗuba a kan yadda ake cusa dabino a tumatir don a ɗora wa talaka ciwon suga yana zaton miya yake sha. Ya koma ya ɗauko makaroni, ya bi baƙaƙen, ya ga Annar. Ya saki ledar ta faɗi, ya yi a'uziyya sau uku.

"Wannan ba sai na fassara ba. Abincin da tun daga masana'anta aka rubuta masa wuta, wa zai ci ya kwana lafiya?"

Seyni ya ce, "Ni yana ci kullum."

"Shi ya sa kullum kake gumi."

"Ni yana ɗaukar bulo."

"Alama ke nan ta fara aiki."

Ran Laraba ya lura da lambar da ke gefen kalmomin. Kowane gwangwani 1373. Ya riƙe ta a ka ya tafi sallar azahar. Ana sallamewa idonsa ya faɗa kan kalandar bango, 1425. Bai tsaya addu'a ba, ya fito ya tsuguna a ƙofar masallaci ya zana a yashi, ya ɗebe wannan daga wancan, ya sake, ya kuma sakewa. Hamsin da biyu. Takalmi ɗaya ya saka, ɗaya a hannu, ya nufo rumfa.

Kafin la'asar ya fito da duk abin da Rahamatou ta tara ya jibge a bakin titi. Galan uku na mai, katan na tumatir, madara, makaroni, kifin gwangwani. Ya hau kan kujera.

"Shekara hamsin da biyu da lalacewa. Tumatir ɗin nan ya girmi ubana. Saniyar da aka tatsi madarar nan, jikokin jikokinta ma an cinye su. Wannan kifin kuwa ina zargin ya ga Annabi Yunusa."

Ɗijatu ta zo ta tsaya, wannan karon ba dariya a fuskarta. "Malam Shekarau, ajiye wasa. Kayan nan lafiyarsu ƙalau, sai baɗi za su lalace. Lissafin shekarar mutanen nan daban ne. Mayar wa baiwar Allah da kayanta."

"Shekara ma iri-iri ce kamar atamfa?"

"Wallahi daban ne. Ka tambayi kowa."

"In tambayi wa? Wa ya fi ni a titin nan?"

"Na faɗa sau biyu. Ga na uku, mayar."

"Na gane ki sarai. So kike gobe in ba Haj guba ya tsallaka wurinki. Ku Kanawa in dai kyauta ce ko mushe ne sai kun tambayi kilo nawa. In kina so ki kwasa, ki kashe naki mutanen."

Ɗijatu ta juya ta dubi jama'a. "Kun ji dai. Sau uku."

Aka ce an ji. Don ya nuna mata ba ya baƙin ciki, shi da kansa ya yi ta ɗauka a ka yana tsallakar mata da su, sawu bakwai, yana tafe yana yi wa masu mota bayani.

Alhamis ta zo. Hantsi ya yi, ba Rahamatou, motar Samnu ba ta cika da wuri ba. Chékaraou ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya tsaya gaban takardarsa ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ga kabewa, ga wake, ga gyaɗa, ga garin gero. Ga hannu yana murje su a rariya. Ga barkono an ja masa jan layi, ga gishiri ɗan mitsitsi. Ga cokali da lamba uku a gefensa, ga rana an zana ta sau biyar. Bayanin na Faransanci ne, shi kuwa aji biyu ya yi a lakwal, wato makarantar boko, aka kore shi saboda surutu, amma ya ce hoto ai ba ya bukatar tafinta. Ya dafa, ya daka, ya tace, ya sake tacewa, har abin ya koma ruwan ɗorawa sulɓi, ba abin da haƙori zai kama.

Da azahar Haj Barka ya iso a farar mota mai buɗaɗɗen baya, da ma'aikatansa shida, ƙarti majiya ƙarfi masu hawan dabino. Dattijo ne mai sanyin magana, yana jin Hausa daidai gwargwado, don kakarsa daga ƙasar Hausa ayari ya kawo ta. Titi ya cika, har masu shago suka fito. Chékaraou ya tare shi da farar riga da biro uku.

"Marhaban Haj. Madam ta yi tafiya, amma ka yi sa'a, hannun lokotoro za ka ci. Abincin nan ba mai, ba barkono, ba gwangwani ko ɗaya. Akwai bitamin, akwai ƙarfe, akwai abin gina jiki. Gwamnati ce ta tsara, ni na aiwatar."

Haj ya ce, "Bahi," wato to madalla, ya zauna.

Aka jera kwanoni bakwai. Chékaraou ya bi su yana ƙirgawa da ƙarfi, cokali uku-uku. Ƙartin suka dubi kwano, suka dubi juna. Ɗaya ya kai baki sau ɗaya kwanon ya koma fes, ya zauna yana jira.

"Ina abincin?"

"Shi ka ci."

"Na zaci na wanke baki ne."

"Sau biyar ake ci a yini. Ka dawo da la'asar."

Haj ya ɗanɗana, ya juya abin a baki yana neman inda zai tauna bai samu ba. Ya ce, "Lokotoro, da wannan za su hau dabino?"

"Har su wuce shi."

Iska ta kaɗo daga tsallake, ta kawo ƙamshin makaroni da jar miya da kifi. Ƙartin shida suka miƙe tare ba wanda ya ce musu ku tashi. Haj ya yi godiya, ya bi bayansu. Chékaraou ya ga aikin Rahamatou yana tsallaka titi da ƙafafunsa, sai ya ce yau ne ranar tonon asiri. Ya riga su isa, ya fizgo gwangwanayen daga ƙarƙashin teburin Ɗijatu, ya ɗaga sama.

"Haj, kafin ka ci, ka ji abin da ke ciki. Man nan da ruwa. Tumatir da dabino. Makaroni da wuta. Madara da tsuntsun da ba a san wanda ya yanka ba. Kuma duk sun lalace shekara hamsin da biyu. Karanta da kanka, ga shi da yarenku."

Haj ya karɓi gwangwanin madarar, ya sa tabarau, ya duba. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, yana danne dariya.

"Lokotoro, ni a watan Aɗɗairu aka haife ni. Duba bayana. Akwai fiffike?"

Dariya ta fara daga baya.

"Wannan sunan wata ne. Watan huɗu. Madara tana da kyau har watan huɗu na baɗi. Kana da bataƙa? Katin zama. Kawo."

Chékaraou ya ciro katin daga bayan birukansa. Haj ya nuna masa gindin katin da yatsa ya ce ya karanta wa jama'a ranar ƙarewa.

Ya bi baƙaƙen. Muryar nan da ke shan kwana ta koma ƙasa. "Alma'u. 1373."

"To kai ma an sirka ka da ruwa, kuma ka lalace shekara hamsin da biyu."

Seyni ya ce, "A kai shi bakin titi."

Wani ya ce, "Wa zai kwasa?"

Ɗijatu ta ce, "Ni dai na ƙoshi. Ku bar shi, ba laifinsa ba ne. Mutumin da ya shekara a cikin uwarsa bai san wata tara ya cika ba, shi zai gane lissafin wata?"

Titin Jadid ya kece. Masu shago suna riƙe ciki, tsohon nan mai sa yatsa a maƙogwaro yana neman wanda zai biya shi shayinsa. Chékaraou bai saduda ba. Ya ruga ya ciro takardarsa daga ƙusa ya dawo yana kaɗa ta.

"To na ji, gwangwani ya yaudare ni. Wannan fa? Ga hatimin gwamnati. Ita ma sunan wata ce?"

Daidai nan motar Samnu ta tsaya. Rahamatou ta sauko da ƙunshinta, duk ta yi ƙura. Ta ga taro, ta leƙa ɗakin ajiyarta ta ga wayam, ta ga galan ɗinta a ƙarƙashin teburin Ɗijatu, ta ga Haj da faranti a gaba ya kai loma ta uku. Ba ta tambayi kowa ba. Ta ɗaga murfin tukunyarta ta duba, ta rufe, ta tako ta tsaya gaban mijinta.

"Baban Aïssatou, wannan ka dafa wa Haj?"

"Bisa tsari. Ga shi a rubuce."

"Takardar yaye ce."

"Ta me?"

"Ta yaran da aka fara ba abinci, daga wata shida. Wurin da ya yage, hoton jariri ne a cinyar uwarsa. A ɗakin awo take. Kai kana bakin ƙofa, ni ina ciki, a ƙarƙashinta nake zama duk wata ana yi mana bayani. Da ita na fara ba Aïssatou kunu, kuma ta karɓe ta, ta yi ɓul-ɓul. Takardar ba ta yi ƙarya ba."

Ƙaton nan da ya lashe kwano ya shafa cikinsa ya ce, "Ashe yaye ni aka yi." Aka sake fashewa, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don kowa ya ga fuskar Rahamatou.

Haj ya wanke hannu ya miƙe. Ya ce, "Bara wanda bai karanta ba ya kwantar mini da mutane. Bana wanda ya karanta zai kashe su da yunwa. Madam, an yaba mini hannunki, amma abin da na ci shi na sani. Ki yi haƙuri." Ya juya wurin Ɗijatu ya ce Asabar mota za ta zo ɗaukar tukwane.

Taro ya watse. Rahamatou ta zauna kan benci ta sunkuyar da kai, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya fara, "Ai in aka duba da kyau, laifin masu sake wa wata suna ne," ta ɗago ta dube shi, sauran maganar ta maƙale.

Bayan la'asar Ɗijatu ta tsallako da galan biyu da rabin katan, ta dire. "Maman Aïssatou, ga abin da ya rage. Na gaya masa sau uku, jama'a shaida ne. Aikin kuwa ba zan ce miki na fasa ba, ni ma ina da nawa a gida. Amma mutum arba'in sun fi ƙarfin hannuna. In za ki zo ki kama mini, sai in riƙa sallamarki."

Mace mai rumfar kanta, yau ita ake kira kama aiki. Rahamatou ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Zan zo." Da Ɗijatu ta tafi ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Aïssatou sai baɗi ke nan, in da rai."

Wannan kalmar ta shige shi fiye da duk dariyar titi. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi.

Ran Asabar da sassafe masu jiran shugul suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Chékaraou ne a cikin layi, ba gilashi, ba farar riga, da tsohon shebur da ya aro wurin Seyni, ya riƙe shi ta inda ba a riƙewa. Ba wanda ya tsokane shi. A tsallake Rahamatou tana ɗora tukwanen Ɗijatu a motar Ghuddwa.

Wata mota ta tsaya, aka yi caa a kanta. Direban ya leƙo yana zaɓe, wannan magini, wancan mai fenti. Ya zo kan Chékaraou ya dube shi sama da ƙasa, ya tambaya da Larabci, Seyni ya fassara.

"Ya ce kai me ka sani?"

Chékaraou ya ja numfashi, ƙirjinsa ya taso yadda ya saba, bakin ya buɗe. Duk layin ya zuba masa ido. Ya dubi tsallaken titi, Rahamatou ta sunkuya tana ɗaga wata babbar tukunya ita kaɗai.

"Gaya masa ban san komai ba. Amma ina iya ɗauka."

Direban ya nuna masa bayan mota da babban yatsa, ya hau.